Burodin Pompeyi ya fi ƙaton Farnese magana

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi, sun kuma ce gani ya kori ji. Duka biyu gaskiya ne, sai dai akwai irin ganin da ba ya korar komai, illa ma ya ƙara wa jita-jita ƙarfi. Irin wannan ganin ne mafi yawan baƙi suke yi a manyan gidajen adana kayan tarihin Girkawa da Rumawa da ke Turai. Malamin lakol ko wakilin ƙungiyar al'adu yakan samu damar zuwa wani taro ko horo a can, a ware masa rabin yini a kai shi gidan tarihi. Sai ya shiga yana sanɗa kamar talakan da aka kira fada, ya sassauta murya, ya bi layin fararen mutum-mutumi yana jinjina kai, ya tsaya gefen wanda ya fi girma a ɗauke shi hoto. In ya dawo Maraɗi ko Damagaram aka tambaye shi abin da ya gano, amsar ba ta wuce kalma uku: Turawa sun iya.

Wannan ziyara hasara ce, kuma laifin ba na baƙon ba ne shi kaɗai. Littafin lakol da ya karanta tun yana yaro, da ɗan jagoran da ke gabansa, da yadda aka jera kayan cikin zaure, duk sun haɗa baki sun gaya masa cewa gaisuwar ban girma ya zo yi. Alhali gidan tarihi ɗakin shari'a ne, kowane kaya da ke cikinsa kuma mai ba da shaida ne da ya kamata a titsiye da tambaya: ina aka tono ka, wa ya tono ka, mene ne ke kusa da kai cikin ƙasa, me aka cire maka, me aka ƙara maka? Wanda ya fita bai yi waɗannan tambayoyi ba ya yi wa rogo kallon kitse. Ɓarnar kuma ba a Turai take tsayawa ba, domin idon da aka koya wa cewa darajar tsohon kaya tana ga kyansa, shi ne idon da ke sa a farfasa kufai a kwashe masu kyau a zubar da saura.

Babu inda ya fi dacewa a gwada wannan magana kamar gidan tarihi na ƙasa da ke birnin Napoli, a kudancin Italiya, wanda ake lissafa shi cikin mafi wadata a duniya wajen kayan Girkawa da Rumawa. Dukiya iri biyu ce ta taru a cikinsa. Ta farko tarin gidan Farnese, wato manyan mutum-mutumin da wani gidan sarauta ya tara a birnin Rum tun ƙarni na 16, wanda sarki Sharl na gidan Burbon ya gada ta wajen mahaifiyarsa Elizabet Farnese. Ta biyu kayan da aka tono daga Pompeyi da Herkulanum, garuruwan da dutse mai aman wuta na Besubiyo ya binne a shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa (AS). Duk wanda ya iya kwatanta waɗannan dukiyoyi biyu ya samu darasin da ya fi na shekara guda a aji.

Ƙaton da aka yi wa ƙafafun aro

A ƙasan ginin, cikin babban zaure, ƙaton nan Herkul na Farnese yake tsaye, tsawonsa ya zarce mita 3, ya jingina da kulkinsa kamar ɗan kokawar da ya gama kaye. A gabansa ake cunkoson ɗaukar hoto, kuma shi ake nuna wa baƙo a matsayin ƙololuwar gwanintar Girkawa. To, a titsiye shi.

Da farko dai kwafe ne. Asalin aikin na tagulla ne, na masassaƙi Lisipos wanda ya rayu a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ya ɓace tun da daɗewa kamar yadda mafi yawan tagullar Girkawa ta ɓace, sabili da tagulla abin narkarwa ce a yi tukunya ko makami. Wanda ke Napoli wani mai suna Glikon ne ya sassaƙa shi da farin dutsen nan da Larabawa ke kira marmar, bayan wajen shekaru ɗari biyar, ya kuma rubuta sunansa a jiki. Haka abin yake ga mai ɗauke da mashi na Poliklet da ke cikin gidan, wanda aka tono a Pompeyi: asalinsa na tagulla ne na wajen shekara ta 440 kafin haihuwar Annabi Isa, ba wanda ya san inda ya shiga. Mafi yawan abin da baƙo ke kira aikin Girkawa a wannan zaure sayayyar attajiran Rumawa ce, waɗanda suka yi odar kwafe don ƙawata gidajensu da wuraren taruwarsu.

Na biyu, ba haka aka same shi ba. An tono shi a 1546 cikin kangon gidan wankan sarki Karakala a birnin Rum, ba ƙafafu. Sai aka sa wani masassaƙi na lokacin, Guliyelmo della Porta, ya yi masa sababbi. Ba a daɗe ba aka gano ƙafafunsa na asali, amma masu shi suka ga na aron sun fi musu kyau, suka bar shi da su har 1787, shekarar da aka mayar masa da nasa aka kuma ɗauke shi zuwa Napoli. Shekaru sama da 200 masana da masu zane na Turai suna zuwa suna kwafar ƙaton a matsayin ma'aunin kyau na zamanin da, alhali daga gwiwa zuwa ƙasa aikin ƙarni na 16 suke kwafa. Ƙafafun aron suna nan an ajiye su a gefe, kuma baƙo ɗaya cikin da yawa ne yake waiwayarsu.

Na uku, gidan wankan da ya tsaya a ciki yana da nasa labarin da ƴar takardar bayani ba ta cika faɗa ba. Karakala ɗan Septimus Seberus ne, sarkin Rum da aka haifa a Leptis Magna, a gaɓar tekun Libiya ta yau, mahaifiyarsa kuwa Juliya Domna ƴar garin Homs ce na Siriya. Ke nan abin da ake nuna wa baƙo daga Afirka a matsayin gadon Turawa zalla, ado ne na ginin wani sarki da ubansa ɗan Afirka ta arewa ne. A ƙarƙashin ginin kuma akwai hanyoyin ƙasa inda ma'aikata da bayi suke jigilar itace suna hura wutar ɗumama ruwa, don masu wanka su sha iska gaban mutum-mutumi.

Na huɗu shi ne batun fari. An tabbatar cewa Girkawa da Rumawa suna shafa wa mutum-mutuminsu launi: gashi, idanu, leɓɓa, tufafi, da ja da shuɗi da rawaya da ruwan zinariya. Ruwan sama da ƙasa da gogewar masu gyara ne suka kankare shi. Bajamushen nan Winckelmann, wanda littafinsa na 1764 ya kafa yadda Turai take kallon wannan fasaha, ya ɗaukaka fari a matsayin cikar kyau, ko da yake da idonsa ya ga mutum-mutumin Artemis na Pompeyi da sauran fenti a jikinsa, wanda yanzu yake cikin wannan gida na Napoli. Daga 2003, lokacin da Vinzenz Brinkmann da abokan aikinsa suka baje kolin kwafen da aka mayar wa launi a birnin Munik, bayan sun bi sawun fentin da fitilu na musamman da madubin ƙara girma, babu sauran mai uzurin jahiltar wannan. Duk da haka hoton da ya zauna cikin kan ɗalibi shi ne na farin dutse mai farin ido, kuma daga wannan hoto zuwa tunanin cewa kyau da hankali fararen fata ne suka ƙirƙiro su, taki ɗaya ne. Lakol ta zamanin mulkin mallaka ta yi wannan takin, kuma har yau ba a goge sawunsa sarai ba.

Kwandon haruffa

Yadda aka fara tonon garuruwan da Besubiyo ya binne ya isa ya nuna abin da son kyau tsagwaronsa yake haifarwa. An soma aiki a Herkulanum a 1738, a Pompeyi kuma a 1748, bisa umarnin sarki Sharl, ƙarƙashin wani injiniyan soja ɗan Sipaniya mai suna Alkubiyere. Aikin haƙar ma'adini aka yi. A Herkulanum, inda abin da dutsen ya amayar ya daskare ya kai kaurin wajen mita 20, rijiyoyi da ramuka aka riƙa yi ana bi ta ƙarƙashi, ana huda bango, ana fito da abin da zai faranta wa sarki rai, sannan a cike ramin da ƙasar wani ramin. Zanen bangon da aka ga ya dace da fada sai a yanke shi a sa masa katako a kai, wanda aka ga bai kai ba kuwa akwai lokacin da aka riƙa farfasa shi da gangan don kada wani ya samu.

Winckelmann ya ba da labarin wani rubutu na haruffan tagulla da aka tarar a jikin wani gini. Masu tono suka ɓamɓare haruffan ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun kwafe abin da aka rubuta ba, suka zuba cikin kwando suka kai wa sarki. Tagullar ta iso lafiya, ko harafi ɗaya bai yi ciwon kai ba, amma maganar ta tafi har abada. Duk malamin da ya taɓa koya wa yaro haɗa baƙi ya san girman wannan ɓarna. Kowane kayan tarihi harafi ne, ƙasar da ya kwanta a ciki da abubuwan da ke maƙwabtaka da shi su ne jimlar. Zauren da aka cika da kyawawan abubuwan da ba a san inda suka fito ba, babban kwandon haruffa ne, komai ƙyallinsa.

Sai da aka samu mutanen da suka ƙi wannan hanya sannan Pompeyi ta fara magana. Karl Weber, injiniya ɗan Suwis, ya dage ya zana taswirar babban gidan nan na Herkulanum da aka samu naɗaɗɗun littattafai a cikinsa, yana nuna inda kowane abu ya fito. Bayan 1860 Jusepe Fiyoreli ya karɓi ragamar aikin Pompeyi, ya raba garin shiyya-shiyya da unguwa-unguwa, ya ba kowace ƙofa lamba, ya sa ana tono daga sama zuwa ƙasa ana rubuta abin da aka gani kullum. Shi ne a 1863 ya lura da cewa kogunan da ake tararwa cikin daskararriyar toka gurbin gawarwakin mutane ne da suka ruɓe, ya sa aka riƙa ɗura musu ruwan farar ƙasa, sai ga siffar mamatan ta fito da tufafinsu da yadda suka kare fuska. Masu tono na farko sun farfasa irin waɗannan koguna ba adadi, sabili da rami ba abin kai wa sarki ba ne.

Abin da burodi ya faɗa

Daga cikin kayan da gidan ke adanawa akwai wani dunƙulen burodi baƙi ƙirin, ƙonanne, wanda aka samu a Herkulanum. Kewayayye ne, an tsaga shi yanka takwas kafin a gasa, kuma a kansa akwai hatimin da ke nuna cewa na wani Seler ne, bawan Kintus Graniyus Berus. Babu mai yi masa layi. Amma wannan burodi ya faɗi abin da ƙaton Farnese ba zai iya faɗa ba: cewa ana sa wa burodi alama don kada ya ɓace cikin na jama'a a wurin gashi, kamar yadda mata ke gane kwanonsu a wurin niƙa, cewa bawa yana da suna da aikin da aka damƙa masa, cewa hatimi da rubutu sun shiga har cikin harkar abinci. A Pompeyi an buɗe tanderun wani gidan burodi aka tarar da dunƙule 81 a ciki, waɗanda ba a samu mai fitar da su ba.

A 1875 an tono wani akwati a gidan Kaikiliyus Yukundus, dillali mai ba da bashi, ɗauke da alluna sama da 150 na katako da aka shafa wa kakin zuma aka yi rubutu a kai. Rasit ne na gwanjo da biyan haya da haraji, da sunayen shaidu a jere bisa girmansu. Daga waɗannan alluna masana suka gane yadda kuɗi ke yawo a ƙaramin gari, da yadda ƴantattun bayi suke shiga kasuwanci. A 1938 an samu ƴar siffar mace ta hauren giwa a wani gida, aikin Indiya, shaida a hannu cewa fatauci ya haɗa gaɓar Italiya da tekun Indiya tun ƙarni na farko. Da a kasuwar ɓarayi ta ɓulla, da an ce daga Indiya aka kawo ta jiya, shi ke nan shaidar ta mutu.

Har ranar da bala'in ya auku sai da ƙaramin abu ya sa aka sake dubawa. An daɗe ana riƙe da 24 ga Agusta, bisa kwafen wasiƙar Plini Ƙarami, wanda ya ga tashin dutsen daga tsallaken teku. A 2018 aka tarar da wani rubutun gawayi a bangon wani gida a Pompeyi, mai ɗauke da kwanan watan da ya yi daidai da 17 ga Oktoba. Da yake gawayi ba ya daɗewa a bango, wannan ya ƙarfafa hujjar masu cewa a kaka abin ya faru, waɗanda dama suna nuni ga ƴaƴan rumman da kaskon jin ɗumi da aka tarar. Ana ci gaba da muhawara, amma abin lura shi ne layi ɗaya na gawayi, da ba wanda zai saya ko da dala, ya isa ya girgiza abin da aka shekara ɗaruruwa ana koyarwa, sabili da kawai an same shi a wurinsa. A 2023 kuma an tono wani gidan burodi mai ƴan tagogi da sandunan ƙarfe, inda aka kulle bayi da jakuna suna juya dutsen niƙa. Wanda ya ga burodin Seler ya kuma san wannan ɗaki, ya san Rum fiye da wanda ya haddace sunayen sarakunanta.

Masu ja da wannan magana

Wani zai ce: ashe za a hana mutum ya tsaya ya ji daɗin kyau? Ba wanda ya hana. Sani ƙara wa kyau armashi yake yi. A ɗauki shahararren daɓen nan na yaƙin Iskandar da Dara sarkin Farisa, wanda aka tono a 1831, mai tsawon kusan mita 6, da aka jera da ƴan ƙananan duwatsu masu launi sama da miliyon guda. Mai kallo kawai zai ce ya yi kyau ya wuce. Mai tambaya zai gano cewa daɓen ƙasa ne na wani ɗaki a gidan wani attajiri, gidan tarihi ne ya mayar da shi abin rataye a bango, cewa kwafe ne na wani zanen Girkawa da ya ɓace, cewa akwai wuraren da aka yi masa faci tun kafin dutsen ya tashi. Sannan zai tsaya ya ga sojan Farisan da ya faɗi yana kallon fuskarsa cikin garkuwa, ya tambayi kansa dalilin da ya sa mai zanen ya ba wanda aka ci da yaƙi tsakiyar fage da fuskar tausayi. Wanne cikin biyun ya fi morar kyan?

Wani kuma daga ɗaya gefen zai ce gumaka ne da tsiraici, ba ruwan malamin kirki da su. Wannan da mai jinjina kai kuskurensu ɗaya ne: dukansu sun ɗauka cewa kayan suna neman a girmama su, ɗaya ya amsa, ɗaya ya ƙi. Alƙalin da ya saurari shaida bai zama mabiyinsa ba. Malaman zaure sun san sunayen Aflaɗun da Arisɗo da Jalinus ta hanyar littattafan Larabci, tun da masu fassara irin su Hunain ɗan Is'haƙ suka juya likitancin Girkawa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9. Kayan fiɗa na tagulla da aka tono a Pompeyi, da asake da hantsaki da ƙahon ƙarfe irin na wanzamai, suna nuna a fili abin da waɗancan littattafai suke siffantawa. Abdullaɗif al-Bagdadi, likita kuma malami da ya zauna a Masar wajen shekara ta 1200, ya auna gine-ginen Fir'aunoni ya siffanta su, ya kuma yi tir da masu farfasa su don neman dukiya. Game da abin da kunya ta hana, malami yana da ikon zaɓen zauren da zai shiga. Gidan da kansa ya kulle irin waɗannan kaya a ɗaki na musamman tun farkon ƙarni na 19, ana buɗewa ana rufewa, sai a 2000 aka buɗe shi ga jama'a, abin da ke nuna cewa masu riƙe da makulli ne a kowane zamani suke yanke abin da baƙo zai gani.

Kuɗin da kyau ke ci

Kwandon haruffa bai tsaya a ƙarni na 18 ba. A 1972 babban gidan tarihin Metropolitan na birnin New York ya sayi wata babbar tukunyar Girkawa mai zanen Efroniyos a kan dala miliyon guda, kuɗin da ba a taɓa biya wa irinta ba. Daga baya ta tabbata cewa ɓarayin kabari ne suka sato ta daga wani kabari a Serbeteri, arewa da birnin Rum. A 1995 masu bincike suka buɗe rumbun dillalin nan Jakomo Medici a Janeba suka tarar da dubban kaya da hotunan wasu da ƙasa a jikinsu, kotun Italiya ta same shi da laifi a 2004, tukunyar kuma ta koma gida a 2008. Ta koma da kyanta, amma abin da ke tare da ita cikin kabarin, da yadda aka jera shi, da wanda aka binne, babu kotun da za ta iya mayar da su. Ko a gefen Pompeyi, a Cibita Juliyana, bin ramukan ɓarayi ne ya kai masana ga ɗakin bayi da keken dokin biki da aka bayyana a 2021. Italiya tana da rundunar jandarmomi ta musamman don kare kayan tarihi tun 1969, amma duk da haka ga abin da ke faruwa.

In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, sai a shafa wa naka ruwa, balle a nan wutar ta riga ta ci. A 1975 aka gano makabartar Bura a yankin Tera, a 1983 Bube Gado na cibiyar IRSH ta Yamai ya tone ta bisa ƙa'ida, ya tarar da ɗaruruwan tukwanen binnewa a kife, wasu da kawunan mutane da mahaya doki na yumɓu a kansu. Bayan an baje kolin wasu daga cikinsu a Faransa a 1993, masu tara kaya suka ga kyansu, farashi ya tashi, aka bi kufan yankin da diga da shebur. Ana sare kawunan a tafi da su, a bar tukwane da ƙasusuwa a warwatse. A 2000 hukumar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jan jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari, alhali Nijar ta riga ta kafa dokar kare kayan gado tun 1997. Talakan da ya tono ya sayar don ya sayi hatsi shi ne mafi ƙarancin laifi cikin wannan sarƙa. Mai babban laifi shi ne wanda ya ɗora kan Bura bisa ƴar kujerar ƙarfe a falonsa yana yabon kyansa, kuma ɗabi'arsa ita ce dai ta mai jinjina wa Herkul kai.

Saboda haka abin da ake nema ga malamin da Allah ya ba damar shiga irin wannan gida, a Napoli ne ko Atina ko Tunis, bai fi ƙarfinsa ba. Ya zaɓi kaya biyar maimakon ɗari biyar. Ya karanta ƴar takardar bayanin kowanne, ya rubuta inda aka samo shi da shekarar, in kuma ba a faɗa ba ya rubuta cewa ba a faɗa ba, ya tambayi ɗan jagora dalili. Ya nemi layin da ke raba tsohon dutse da facin masu gyara. Ya ba zauren fitilun yumɓu da ma'auni da tukwane lokaci daidai da wanda ya ba zauren sarakuna. Wanda bai samu tafiya ba kuwa, tambayoyin nan ba su buƙatar biza: suna aiki a gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, suna aiki a na Damagaram, suna aiki a kan tsohuwar tukunyar da ɗalibi zai ɗauko daga ɗakin kakarsa.

Ƙungiyoyin al'adu kuma, da suka fi ƙwazo wajen shirya wasa da rawa, suna da aikin da ke jiransu a kufai irin su Birnin Lalle da Maranda da waɗanda ba su da suna a taswira. Su zauna da hakimai da masu gari da manoma, su bayyana musu cewa tukunyar da garma ta turo a bar ta inda take, a sa alama, a rubuta wurin, a sanar da hukuma, domin ranar da aka ɗaga ta aka wanke ta aka kai kasuwa, ranar ce ta daina magana. Littafin rubutu guda da alƙalami da igiyar awo sun isa a fara.